Tambayoyinku: Zama a Bakin Tafkin Legas, Daga Ikorodu Zuwa Ajah

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga 'yan'uwa mazauna unguwannin da ke gefen tafkin Legas da masu shirin komawa can: Ikorodu da kewayenta, Ajah da Badore a ɗaya tsallaken, da Mile 12 inda kogin Ogun ke gangarowa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne daga Funtuwa. Na daɗe ina zaman gwauro a Mile 12, yanzu ina so in ɗauko iyalina. Dillali ya nuna mini ciki biyu da falo a wajen Majidun, kuɗinsa bai kai na Ketu ba ko kusa, amma ya ce sai na biya na shekara biyu. A Janairu na ga gidan, unguwar kuma a bushe take ƙarau. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Alhaji, Allah Ya kawo iyali lafiya, amma kada ka ba da ko sisi tukuna. A watan Janairu kowace unguwa a Legas kyakkyawa ce. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, wajen ninki biyu na abin da ke sauka a Kano, kuma daminarsa kashi biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Sai dai ruwan da ya fi korar mutane daga gidajensu a yankin da ka ambata daga jihar Ogun yake zuwa. Akwai madatsar ruwa ta Oyan kusa da Abeokuta. Idan ta cika a ƙarshen damina dole a buɗe ta, ruwan ya biyo kogin Ogun ya sauko ta Isheri, Kara, Agiliti, Owode, Ajegunlen hanyar Ikorodu, Itowolo da Majidun kafin ya faɗa tafki. Sai a wayi gari rana ƙwal, ko hadari babu, ruwa yana hawa tsakar gida a hankali. Irin wannan ba ya janyewa a yini guda, yakan yi makonni. A Oktoban 2010 haka ya tashi mutanen Ajegunle har gwamnati ta kwashe su zuwa sansani a Agbowa.

Akwai kuma abin da mutumin Arewa bai saba sa wa a lissafi ba. Tafkin a haɗe yake da teku, don haka yana cika yana janyewa sau biyu a yini, cikar kuma ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da wajen sha huɗu ga wata. Lambatun unguwa duk cikin tafki yake zubewa. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya gamu da cikar tafki, lambatu ba ya samun inda zai zuba, sai ya dawo da baya da duk ƙazantar da ke cikinsa. Wannan ya fi addabar Ajah da Lekki, inda ƙasa take kusan kai ɗaya da ruwa.

Ka koma gidan kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Bangon ɗaki ba zai gaya maka komai ba, domin fenti ake shafa masa kafin a kawo ɗan haya. Katangar waje za ka duba, ta baya musamman, da ta maƙwabta: ruwan da ya kwanta yana barin layi miƙaƙƙe, ƙasansa ya yi duhu ko kore. Duba gindin ƙofar ƙarfe ko tsatsa ta cinye shi. In ka ga an ɗaga soket ɗin wuta har ƙugu, an gina tudu na bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofa, maƙwabta sun ɗora janareta da firiji a kan bulo, ga katakai dogaye a jingine da ake shimfiɗawa a taka, to unguwar ta ba ka amsa. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara titi tsawo da aƙalla bulo biyu. Gida mafi haɗari shi ne tsohon gini da aka zo daga baya aka cike titin gabansa aka ɗaga, ya koma cikin rami. Duk ruwan layin nan zai sauka.

Shiga banɗaki ka zuba bokiti biyu a masai. Idan yana tafiya a hankali yana gurguri tun da rani, da damina ba zai tafi ba sam, domin inda ruwan ƙasa ke kusa ramin sokawe da kansa yake cika. Tambayi wa ke biyan motar kwashewa, a kuma rubuta. Sannan ka zauna wurin mai shago ko mai wanki a layin. Kada ka ce masa “ana ambaliya a nan?”, zai ce maka a'a don kada ya ɓata da mai gida. Ce masa “bara a watan Oktoba ina ruwa ya tsaya?” Zai nuna maka da hannu.

Batun shekara biyu kuwa, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma hana ɗan hayar bayarwa. Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja ne kawai aka cire daga dokar, Ikorodu tana ciki. Gaskiya ana karya ta kullum, amma a gidan da ba ka ga daminarsa ba, kai ne za ka kwana ciki in ka ɗaure kanka shekara biyu. Ladan dillali bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 na hayar shekara ba. Ka ga mai gidan ido da ido, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusu mai sunansa, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, adadin kuɗi, adireshin gida da tsawon lokacin da kuɗin ya rufe. Ɗaki ɗaya a karɓi kuɗin mutum biyar a kansa ba sabon abu ba ne a Legas. Duba mita: in mai kati ce, a tabbatar babu tsohon bashi a kanta. Ka kuma sani mai biyan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a ce ya tashi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire rufi ko ƙofa don a kore ka laifi ne. In rigima ta taso, jihar tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraron irin wannan ƙara kyauta.

Ra'ayinmu: in kana da hali, ƙara kuɗi ka hau tudu, can cikin garin Ikorodu wajen Sabo ko Agric, ko kuma ka nemi hawa na sama.

Tambaya: Muna zaune a Badore. Ruwan bohol ɗinmu yana fitowa fari tas, amma in ya kwana a bokiti sai ya koma ruwan ɗorawa, yana ɓata fararen kaya, shayi kuma ya yi baƙi. Wani lokaci da ɗan gishiri-gishiri. Tafasawa ta isa? Yarana ƙanana ne.

Amsa: Hajiya, matsala uku ce kika haɗa a tambaya ɗaya, kowace da maganinta, tafasawa kuma ɗaya kawai take warwarewa.

Canjin launin nan sinadarin ƙarfe ne. A ƙarƙashin ƙasa narke yake cikin ruwa, ido ba ya ganinsa. Da ya sha iska sai ya zama tsatsa ya fito fili. Ba shi ne ke kwantar da yara ba, amma yana ɓata wanki, ya toshe famfo, ya sa shayi baƙi. Maganinsa shi ne a sa ruwan ya sha iska da gangan kafin ya iso gare ki. Ana buƙatar tanki biyu. Bututun da ke fitowa daga bohol kada ya nutse cikin tanki na farko. A sa masa kan shawa ko roba mai huji-huji a sama, ruwan ya riƙa zuba yana warwatsuwa. A bar shi ya kwanta awa 12 zuwa 24. Mafitar da za ta kai ruwa tanki na biyu a huda ta sama da gindin tanki da kamar santimita 20, a can ƙasa kuma a sa wani famfo na zubar da laka, a riƙa buɗe shi duk mako. Tsakanin tankunan a sa matata: tsakuwa a ƙasa, yashi wankakke a kai, sai gawayin tace ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan famfo. Inda mutane ke kuskure shi ne su sayi ƙaramar matata mai farin zare su ɗaura kai tsaye a bakin bohol. Ƙarfen bai riga ya fito ba, sai ya wuce ta salin-alin, wanda ya fito kuma ya toshe zaren cikin 'yan kwanaki. Matatar yashi ma tana son a riƙa wanke ta, wato a kora ruwa ta baya har ya fito fari. In an bar ta wata da watanni ita ce za ta koma gidan ƙwayoyin cuta.

Gishirin kuwa daga tafki da teku yake kutsowa cikin ruwan ƙasa, ya fi tsanani da rani, ya kuma ƙaru idan gidaje da yawa suna jan ruwa daga zurfi ɗaya. Tafasawa ƙara shi take yi, tunda ruwa ke tashi gishiri ya zauna. Yashi, gawayi da alam duk ba sa cire shi. Sayi ɗan abin awon nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa, masu kayan famfo sun san shi da TDS. A lambar da abin awon ke nunawa, ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsaya a 500; in ya haura 1,000 harshe ma zai gaya miki. Abin da ke cire gishiri shi ne na'urar tacewa ta RO, ƙarama ta ɗakin girki ta isa sha da dafa abinci, amma sai an fara cire ƙarfen, in ba haka ba fatar tacewar ba za ta yi ƙarko ba. In babu halin wannan, a bar ruwan bohol ga wanka da wanki, a tari ruwan sama: a bar na mintunan farko ya wanke rufi ya zube, sannan a juya bututu cikin tanki mai murfi da raga a bakinsa saboda sauro.

Ta ukun, wato ƙwayoyin cuta, ita ce ba a gani, ita ce kuma abin tsoro ga yara. A ƙasa mai yashi da ruwa kusa, abin da ke cikin sokawe yana tafiya ya riski rijiya. Ana son tazarar mita 30 tsakaninsu, filayen Ajah kuwa ba kasafai suke ba da wannan ba, ko naki ya yi nisa na maƙwabci yana bayan katanga. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ƙaramar hukumar Eti-Osa da kike ciki tana daga inda abin ya fi shafa. Don haka ruwan sha, bayan ya kwanta an tace, ko dai a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, ko a sa masa kulorin. Idan da ruwan bilic na wanki za a yi, ya zama mara turare mara sabulu, a duba jikin kwalba a ga ƙarfinsa kashi 3.5 ne: rubu'in ƙaramin cokali a jarka mai lita 25, ko babban cokali huɗu a tanki mai lita 1,000. A girgiza, a jira minti 30. Ɗan warin kulorin kaɗan alama ce ya yi aiki. In babu ko kaɗan a maimaita. A ajiye a jarka mai ƙaramin baki, domin moɗa da hannun yara su ke sake gurɓata ruwan randa.

In yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa ba shi kuna kan hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Na samu aiki a Victoria Island, ina zaune a Ikorodu. Mota tana cinye mini awa biyu zuwa uku kowace safiya. Abokai sun ce in bi jirgin ruwa, ni kuma ban iya iyo ba, ɗan Gumel ne.

Amsa: Malam, yawancin waɗanda za ka zauna da su a jirgin ma ba su iya ba. Daga tashar Ipakodo da ke Ebute a Ikorodu zuwa tashar Falomo ko ta CMS, duk kusa da Victoria Island, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Akwai jiragen gwamnatin jiha na LAGFERRY, manya ne, da katin Cowry ake biya, wanda ake shiga manyan motocin bas na BRT da shi. Akwai kuma ƙananan na 'yan kasuwa masu gudu. Mai fara koyo ya fara da babba. Ya fi nutsuwa a kan igiyar ruwa. Masu zuwa Ajah kuma suna tsallakawa daga Ijede ko Baiyeku.

Ka hau daga tashar da ma'aikatan LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, suke tsaye. Rubuta sunanka na gaskiya da lambar wani ɗan'uwa a takardar fasinjoji. Rigar ruwa ita ce iyonka, amma sai an ɗaura ta daidai: a maƙala duk maɓallan, a ja igiyoyin ta kama jiki, sannan ka sa yatsa a kafaɗunta ka ɗaga sama. In ta taso har kunnuwanka, a cikin ruwa zamewa za ta yi ta bar ka. Wadda sosonta ya lotse ko maɓallinta ya karye, mayar ka karɓi wata. Mai bin ruwa kullum gara ya sayi tasa. Yaro rigar yara ake sa masa. Babbar riga a naɗe ta a jaka sai an sauka, domin in ta jiƙe nauyi take yi ta kuma naɗe hannu. Mata su ɗora rigar ruwa a saman hijabi.

Jirgin da ya cika aka ƙara mutane a tsakiya, ko kake jin warin fetur a cikinsa, sauka ka jira na gaba. An hana jiragen haya tafiyar dare, kuma haɗurra da dama da duhu suke faruwa, lokacin da direba ba ya ganin kututture ko tudun yashin masu haƙa. In aiki ya riƙe ka har magariba, bi BRT. Haka in ka ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, jira ya wuce.

Daga ƙarshen damina zuwa farkon rani wata irin kainuwa mai shuɗin fure tana rufe ruwan Ikorodu. Ruwan koguna ke turo ta, sai gishiri ya ƙaru da rani take mutuwa. Tana naɗe farfelar inji ya mutu a tsakiyar tafki. Direba zai ɗaga injin ya cire ta, ku ci gaba. Abin da ke kifar da jirgi a irin wannan lokaci shi ne fasinjoji su miƙe tsaye su ruga gefe guda. Zauna inda kake.

Tambaya: Tunda muka dawo Ijede kayan lefena suke fumfuna a cikin akwati, takalman fata sun yi fari, gero da waken da ake aiko mana daga gida ba sa wata biyu sai ƙwari, kukar miya ta dunƙule. Ƙarafunan taga kuma duk tsatsa. Ina laifin yake?

Amsa: Amarya, laifin na iska ne. A Arewa rani yana busar miki da komai kyauta. A bakin tafki iska a jiƙe take kusan duk shekara, hunturun ma 'yan makonni ne tsakanin Disamba da Janairu. Duk dabarar ajiya a nan ita ce abu ya bushe sarai, sannan a raba shi da iska ko kuma a bar iska ta riƙa ratsa shi. Tsaka-tsaki shi ke kawo fumfuna.

Hatsi tukuna. Gwada bushewarsa haka: samo kwalba busasshiya, zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishirin da aka soya a kasko ya bushe, rufe, girgiza, bar shi minti 15, sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin da sauran laima, a shanya. In ya bushe, a ɗura a jarka mai tsafta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, a cika ta har wuya, a sa leda a baki a murɗa murfi. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu, muddin ba a buɗe ba har wata guda. Shi ya sa jarkoki ƙanana da yawa sun fi babban duro ɗaya da ake buɗewa kullum. Buhun PICS mai leda biyu a ciki aiki ɗaya yake yi, matuƙar bai huje ba. Kada a zuba fiya-fiya a wake ko wani abinci, guba ce, wanki ba ya fitar da ita duka. Buhu kada ya taɓa daɓe ko bango: a ɗora a katako, a bar tazarar taku guda. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, dafuwa ba ta kashe dafin da ke cikinsu, hanta yake ci. Kuka, kuɓewa, daddawa da yaji a raba su ƙananan kwalabe masu murfi. Kilishi kuwa kada a yi masa dogon buri, a ci ko a sa a firiji.

Tufafi: kada a naɗe shadda ko atamfa da ɗumin guga a jefa a leda, tururin zai koma ruwa a ciki. A bari ta huce. Kabad a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, a sa kwanon gawayi a ciki, a riƙa shanya gawayin duk mako biyu. Ranar da rana ta fito sosai a buɗe akwatuna da tagogi. Takalmi da jakar fata a goge da tsumma da aka tsoma a farin binega da aka surka da ruwa daidai wa daida, a shanya a inuwa, a shafa man takalmi. Littattafai da takardun makaranta su ma a ɗaga su daga ƙasa.

Ƙarfe kuma fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce, daga ciki za ta ci gaba da ci. A kankare da burushin waya har ƙarfe ya yi haske, a shafa jan fentin share fage sau biyu, sannan fentin mai. Kwaɗon ƙofa a sayi na tagulla. Sai gargaɗi ɗaya da ba ki tambaya ba: saboda ruwan sama da tsatsa mutane kan shigar da janareta baranda ko lungun ɗaki su rufe ƙofa. Hayaƙinsa ba ya bukatar wari kafin ya kashe mutanen gida suna barci. A yi masa rumfa a waje, nesa da taga.

Tambaya: Ƙanena yana so ya sayar da gona ya sayi babur ya zo Legas acaɓa. Ya ce a bakin ruwa ba a kamawa.

Amsa: Ka hana shi sayar da gonar. Tun 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Ajah a Eti-Osa take, Mile 12 a Kosofe. Ikorodu ba ta cikin goman, amma dokar sufuri ta 2018 ta hana babur ɗin haya hawa manyan tituna da gadoji, sai cikin unguwa. Babur ɗin da aka kama ba a cika mayarwa ba, murƙushe su ake yi, dokar kuma ta tanadi hukunci ga direba da fasinja duka. Ganin wasu suna yi a inda aka hana ba izini ba ne. Kasada suke yi da jarinsu kowace safiya. Ga kuɗin tikitin ƙungiya na kullum, ga ruwan gishiri da laka da ke cin sarƙa da birki. In lallai sai ya zo, ya fara zama wurin wani a kasuwa ya ga gari tukuna.

Tambaya: Mu biyu ne kawai Hausawa a layinmu a Ikorodu. Kowane wata ana kawo mana takardar kuɗin CDA, na tsaro, na shara. Ba mu taɓa zuwa taronsu ba, da Yarbanci ake yi. Dole ne mu biya? Kuma an ce akwai ranar da mata ba sa fita.

Amsa: Malam, ka biya, ka kuma je taron. CDA ƙungiyar raya unguwa ce, ƙaramar hukuma ta san da zamanta. A irin waɗannan unguwanni ita ke ɗaukar 'yan sintiri, ta yashe lambatu kafin damina, ta zuba ɓaraguzai a titi, ta bi kamfanin wuta in taransifoma ta lalace. A wurin da ruwa ke barazana wannan ba ƙaramin aiki ba ne: kwalbati ɗaya da ta toshe a ƙarshen layi ta isa ta shigar da ruwa gida ashirin. Haƙƙinka ne ka karɓi rasit, ka kuma ji bayanin inda kuɗi suka tafi. A tambayi mai gida tun farko wane kuɗi ne nasa, wane ne na ɗan haya. Gudummawar babban aiki kamar sayen turakun wuta bisa al'ada ta masu gidaje ce. A taro ka ɗaga hannu ka nemi a fassara maka da Turanci ko Burokin, ba wanda zai ƙi. Amfanin zuwan ya wuce kuɗi. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, wanda ya ci rayuka aka rufe kasuwa, daga ƙaramar hatsaniya a kan titi ya faro. Ranar da irin wannan ta taso, mutumin da shugaban layi ya san fuskarsa da sunansa ba ɗaya yake da baƙon da ba a sani ba.

Ka gabatar da kanka wuri uku: wurin shugaban CDA, wurin Baale, wato mai unguwa, da wurin Sarkin Hausawan yankin, wanda shi ke shiga tsakani in magana ta haɗa ɗan Arewa da 'yan gari. Ka koyi gaisuwa: “E kaaro” da safe, “E kaasan” da rana, “E kaale” da dare, da ɗan rusunawa ga babba. Bayarabe yana ba gaisuwa nauyi kamar yadda muke ba ta. Ikorodu cike take da Musulmi, ka riƙa sallah a masallacin layinku ko da akwai na 'yan Arewa a Sabo. Ka yi rajistar katin zama ɗan jiha na LASRRA kai da iyali, ana neman sa a harkokin gwamnatin jiha da dama. Lambobin gaggawa 767 da 112 ne, a sa su a wayar kowa a gidan.

Shara a ba motar kamfanin da hukumar LAWMA ta ware wa unguwarku. Mun san masu tura kurar shara da yawa 'yan'uwanmu ne, kuma sun fi araha, amma jihar ta hana sana'ar, kuma sharar takan ƙare a magudanar da za ta dawo muku da ita a watan Yuni. Da Babbar Sallah a haƙa rami a binne jini da tumbi, kada a kora su lambatu. Wannan yana cikin abin da ya fi haɗa mu faɗa da maƙwabta. Kasuwannin Legas kuma ba sa buɗewa da safiyar Alhamis sai ƙarfe goma saboda tsaftar kasuwa, uwargida ta yi cefane tun Laraba.

Maganar mata gaskiya ce. Ikorodu tana da bukukuwan Oro na gargajiya, Magbo da Liwe, kowace shekara, kuma a ranakun ana neman mata su zauna a gida, shaguna da yawa ma ba sa buɗewa. Daga fadar Ayangburen, sarkin Ikorodu, ake sanar da ranakun tun kafin su zo, CDA kuma takan isar da saƙon, wani dalilin ke nan na shiga zaurensu na WhatsApp. Ba a ce ka yarda da abin da suke yi ba, kuma ba ranar jayayya a kan titi ba ce. A tanadi abinci, ruwa da magani tun jajibiri, 'yan mata 'yan makaranta su zauna, baƙuwar da za ta taso daga Arewa a gaya mata ta ɗaga tafiyar da kwana ɗaya. Mai cikin da ya tsufa ko mara lafiyar da za ta iya bukatar asibiti a kai ta wurin 'yan'uwa a Ketu ko Agege kwana biyu kafin ranar, da katin asibitinta a jaka.